Katako, Faiba ko Alminiyom: Wane Tsohon Jirgin Ruwa Ya Cancanci Ka Gyara?

Wata Asabar cikin hunturun da ya wuce, wani abokina da muke zuwa jefa ƙugiya tare a madatsar ruwa ta Tiga ya turo mini hotuna uku a waya. Na farko kwale-kwalen katako ne da wani masunci ke son rabuwa da shi a Yawuri. Na biyu jirgin faiba ne mai tsawon ƙafa 16, ya shekara huɗu a ajiye a bayan wani gida a Abuja har ganyen mangwaro ya cika cikinsa. Na uku ɗan jirgin alminiyom ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ƙafa 14, wanda ya shigo cikin kwantena tare da kayan gwanjo. Duka ukun suna neman gyara, kuma kuɗin da aka yanka musu bai yi wa juna nisa ba. A ƙarƙashin hotunan ya rubuta, "Malam, wanne zan ɗauka?"

Na kira shi na ce, "Alhaji, a ina jirgin zai riƙa kwana?"

Da wannan tambayar nake fara amsa wa duk wanda ya zo mini da irin wannan batu, domin ita ce ke raba gardama. Jirgin da zai zauna cikin ruwa shekara ta zagayo daban yake da wanda zai kwana a kan amalanke a tsakar gida, a ja shi da mota kilomita kusan 70 daga Kano zuwa Tiga, ya yi wuni guda a ruwa, a dawo da shi ya sake shan rana har mako uku. Yawancin masu neman ƙaramin jirgi don shaƙatawa a garuruwanmu suna cikin kashi na biyun ne, amma sai ka ga suna zaɓe kamar a bakin kogi suke zaune. (Abin da nake kira amalanke shi ne ƙarfen nan mai taya biyu da ake ɗora jirgi a kai a ja da mota. Wasu na ce masa tirela, amma da ka ce tirela hankalin mutum kan tafi kan motar siminti.)

Bari in fara da katako, don shi zuciyata ta fi so. Duk wanda ya taɓa zama a kwale-kwalen maɗaci da asuba, ruwa kwance, ba ƙara sai ɗigar filafili, ya san abin da nake nufi. Katako ba ya ƙona tafin ƙafa da rana tsaka, ba ya amsa kuwwa in kwalba ta faɗi, nauyinsa kuma na sa shi ya zauna daram in iska ta taso. Ga sauƙin gyara. Zarto, guduma, gizago, ƙusa, tsumma ko auduga da kwalta, shi ke nan kayan aikin. A garuruwan bakin Neja irin su Yawuri, inda Sarkawa da sauran masu sana'ar ruwa suka gaji aikin kaka da kakanni, kafintan jirgi zai cire maka ruɓaɓɓen allo ya sa sabo kafin la'asar, kuma ba ka jiran wani kaya daga Legas. Babu faiba ko alminiyom da zai ja da katako a wannan fannin.

Sai dai katako abu ne mai numfashi. In ya sha ruwa ya kumbura, allunan su matse juna, yoyo ya tsaya. In ya bushe ya tsuke, bakin allunan ya buɗe. A bakin kogi wannan ba damuwa ba ce tunda kullum a jiƙe yake. A Kano ko Katsina ko Damagaram kuwa, inda danshin iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar hunturu, labarin daban ne. Na gani da idona. Na taɓa ɗauko wani kwale-kwale lafiyayye a watan Nuwamba na ajiye a ƙarƙashin rumfa. Kafin ƙarshen Janairu, in na tsuguna a gefensa ina hango hasken rana ta tsakanin alluna, akwai inda bakin wuƙar aljihu ke shigewa. Sai da ya kwana huɗu a nutse a gefen ruwa kafin ya rufe, allo biyu kuma ba su koma ba har abada, sun tsage daidai layin ƙusoshi. Kowane zagaye na bushewa da jiƙewa yana sassauta ƙusa a raminta. Ka haɗa wannan da girgizar hanya, ka ƙara da gara da ke jira in har jirgin ya taɓa ƙasa, ka kuma tuna cewa jiƙaƙƙen kwale-kwale sai ƙarti huɗu ko biyar kafin ya hau amalanke.

In duk da haka katakon kake so, je da sukudireba mai tsini. Soka shi a inda haƙarƙarin jirgin ya haɗu da ƙasa, da ƙarƙashin bencina, da allon baya inda ake rataya inji, wato duk inda ruwan sama ke kwanciya. Lafiyayyen maɗaci ko kawo ko loko zai ƙi tsinin, ruɓaɓɓe kuwa zai karɓe shi kamar dafaffen rogo. Dubi kan ƙusoshi. Baƙin zane da ke gangarowa daga kan ƙusa alama ce ta tsatsa ta ci ta a ciki, ta kuma lalata naman katakon da ke kewaye da ita. Allo ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma in ƙashin bayan jirgin ya taɓu, ko haƙarƙari da yawa sun ruɓe, a ganina gara ka ba kafinta aikin sabo, ka tsaya a kansa ya yi amfani da busasshen katako da ƙusa mai rufin da ba ya tsatsa.

Akwai wata dabara da ake yawan ba mutane shawara, wai a lulluɓe tsohon kwale-kwale da faiba daga waje, yoyo ya ƙare. Shekara ɗaya ko biyu za ka ji daɗi. Bayan nan katakon na motsi, faibar ba ta motsi, sai ta ɓanɓare a ciki ba ka gani, ruwa ya shiga tsakani ya rasa hanyar fita, ruɓa ta yi ta ci a ɓoye. Wannan lulluɓin yana aiki ne a kan busasshen filawud da aka rufe da ifoksi, wani gam mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsawa, tun ranar ƙira. A kan tsofaffin alluna masu danshi asarar kuɗi ce.

Jirgin faiba shi ne ya fi ruɗin ido. Ka wanke shi da omo, ka goge, ya yi sheƙi kamar jiya aka sauke shi, mai sayarwa kuma zai ce maka faiba ba ta ruɓewa. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ɓawon jirgin, wato zaren gilashi da aka jiƙe da ruwan faiba ya daskare, yana iya shekara talatin ko arba'in. Sai dai a yawancin tsofaffin jirage akwai katako a ɓoye cikin wannan ɓawon a wurare uku: allon baya, dogayen sandunan da ke ƙarfafa ƙasa daga gaba zuwa baya, da daɓen da ake takawa. Duk ramin sukuru da aka huda ba a toshe da kyau ba ƙofa ce ga ruwa. Jirgin da ya yi damina huɗu a buɗe, hancinsa a ƙasa, ganye ya toshe mafitar ruwansa, kamar wancan na Abuja, kusan tabbas katakon cikinsa ya zama dusa.

Ga yadda ake kama shi. In da inji a jiki, ɗaga ƙafar injin sama ka danna ta da ƙarfinka, wani ya tsaya yana kallon allon baya. In allon ya motsa, ko tsaga ta buɗe a kusurwa, ya mutu. Ɗauki ƙotar sukudireba ka bi jikin jirgin kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri na amsawa ƙwas-ƙwas, wanda ya rabu ko ya jiƙe kuwa sai ka ji dib. Kwance noti ɗaya daga cikin masu riƙe da inji ka duba ko ruwa mai launin shayi zai biyo. Taka daɓen ko'ina da dunduniya. Sannan ka gwada ɗaga jirgin ta baya. In ya yi nauyin da ya wuce girmansa, kumfar roba da ake cusawa a ƙarƙashin daɓe don hana jirgi nutsewa ta sha ruwa, kuma ba ta bushewa ko da za ta shekara a rana, sai dai a yanke daɓe a kwashe ta. Mai jirgin da ya hana ka waɗannan gwaje-gwajen ya riga ya ba ka amsa.

Ƙananan gyare-gyaren faiba kuwa su ne mafi daɗin koyo a cikin ukun, kuma mutum na iya yi da hannunsa a gida. In rami ne, sai a gurje gefensa a kwance, faɗin gurzar ya ninka kaurin ɓawon sau 12. Ɓawo mai kaurin milimita 5 ke nan zai buƙaci gurzar santimita 6 a kewaye. A goge ƙura, a yanka tabarmar faiba falle-falle, kowane falle girmansa daban, a jiƙa a shimfiɗa, a bi da buroshi ana korar kumfar iska har farin ya ɓace. Ruwan faiba na foliyesta yana son maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ka tsaya a kashi 1, ka dama kaɗan-kaɗan, ka yi aikin da sassafe a inuwa. In ba haka ba zai daskare maka a gwangwani yana hayaƙi kafin ka kai buroshi. Maganin nan yana makanta ido in ya fantsama, ƙurar gurza kuma tana shiga huhu tana sa ƙaiƙayin da wanka ba ya rabawa, saboda haka tabarau da takunkumi da riga mai dogon hannu wajibi ne. Ifoksi ya fi foliyesta kama tsohon jiki, ya fi shi tsada da wuyar samu, kuma foliyesta ba ya kama ifoksi da kyau, don haka in ka fara da ɗaya ka san abin da zai hau kansa. Masu gyaran bambar mota a garejojinmu sun san faiba, suna iya taimaka maka da faci. Ka dai hana su cika rami da fotin mota, domin yana shan ruwa.

Sauya allon baya wani aiki ne daban. Za a yanke fatar ciki, a kankare ruɓaɓɓen katakon har a kai ga ɓawon waje, a manna sabon filawud mai jure ruwa falle biyu, a sake lulluɓewa a ɗaure shi da gefuna da ƙasa. Makonni ake yi, kuma a nan kuɗi ke tafiya, har ya kan fi abin da ka sayi jirgin. Filawud na kasuwa da ake yin silin da kabad da shi ba zai yi ba. In kana shakka, yanki ɗan guntu ka tafasa shi a tukunya na 'yan sa'o'i. In fallayen sun rabu, ka bar wa masu kabad kayansu.

A kan ruwa faiba ta fi sauran biyun daɗin tafiya in akwai igiyar ruwa, musamman mai ƙasa irin ta ƙirjin kaza. A babban ruwa kamar tafkin Kainji, wanda ya kwanta tun da aka gama madatsar a 1968 kuma tsawonsa ya haura kilomita 130, iskar yamma kan tayar da igiyar da ƙaramin jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ba zai ji daɗinta ba. Abin tsoron faiba shi ne dutse da kututture. Kainji cike yake da itatuwan da ruwa ya shanye, Tiga kuma ga duwatsu a ƙarƙashi in ruwa ya ja baya. Inda katako zai ƙuje, alminiyom ya lotsa, faiba fashewa take. Rana ma tana cin fatarta har ta koma gari-gari a tafin hannu, amma wannan tamfol ko rumfa na maganinsa.

Alminiyom ba shi da kyan gani, ba kuma zan ɓoye aibinsa ba. Da rana tsaka bencinsa na ƙuna. Ƙugiya ta faɗi a ciki, kifin da ke nesa ya ji. In iska na kaɗawa tana tura shi gefe saboda rashin nauyi. Amma wannan rashin nauyin shi ne dukiyarsa. Jirgi mai ƙafa 12 zuwa 14 sau da yawa bai kai kilo 100 ba in babu inji, na faiba mai wannan tsawon yakan ninka shi ko fiye. Mutum biyu na sauke shi a gaɓar da babu gangaren siminti, kuma yawancin madatsunmu haka suke, laka ce da yashi. Ƙaramar mota na jansa, ƙaramin inji na tura shi, man da zai sha kaɗan ne. Hunturu ba ya tsage shi, gara ba ta san da shi ba, rana ba ta cin jikinsa. Ka kife shi a bayan gida shekara biyu, ka dawo ka same shi yadda ka bari.

Ciwonsa ribiti ne, wato ƙusar da ake bugawa ta haɗe falle biyu na ƙarfe. Yawancin ƙananan jiragen da ribiti aka haɗa su, ɗaruruwa, kuma girgiza na sassauta su ɗaya bayan ɗaya. Gano masu yoyo ba wuya. A bar jirgin a kan amalanke a busasshen wuri, a zuba ruwa a ciki, a kwanta a ƙasa da alli ana zagaye duk inda ɗigo ya fito. Kada a cika shi. Jirgi mai tsawon mita 4 da faɗin mita 1.2, ruwa mai zurfin santimita 10 kacal ya kai lita 480, kusan rabin tan ke nan a kan ƙasan da ba a yi shi don ɗaukar kaya daga ciki a kan tudu ba. Ribitin da ya saki kaɗan, mutum ɗaya ya tokare kansa da dunƙulen ƙarfe, ɗaya ya buga daga ɗaya gefen sau biyu ko uku, ya koma. Wanda ya lalace a huda a cire, a sa sabo da ɗan gam mai jure ruwa. A nan ake yawan kuskure: ribitin masu tagogin alminiyom rami gare shi a tsakiya, ruwa na bi. Sai dai cikakken ribiti na bugawa, ko mai rufaffen gindi.

Tsaga ita ce ke kai mutum wurin mai walda, kuma a nan nake roƙonka ka yi haƙuri ka nemi gwani. Alminiyom na narkewa a digiri 660, amma fatar da ke rufe da shi sai ta haura 2,000, ga shi ba ya yin ja kafin ya zube kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi. Mai waldar ƙofa da taga zai ga kamar bai yi zafi ba, sai kawai rami ya buɗe. Wani ya taɓa mayar mini da tsaga mai tsawon ɗan yatsa ramin da hannu ke shiga, zafin kuma ya saki ribiti shida a kewaye. Ana buƙatar injin walda mai iskar argon da wanda ya saba da falle mai siriri, irin masu gyaran tankin mota da radiyeto a manyan birane. In babu shi, a huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, a ɗora faci na alminiyom da gam da ribiti. Wani abin kiyayewa shi ne jan ƙarfe da tagulla. In suka zauna a jikin alminiyom cikin danshi suna cinsa har ya huje, ko da guntun wayar lantarki ce ta faɗa ƙarƙashin benci. Fenti mai sinadarin jan ƙarfe ma haka. In ka ga farin gari da ƙananan ramuka kamar zanzana sun bazu a ƙasan jirgi, ka bar shi. Ribiti ana sauyawa, fallen da ya zama rariya kuwa ba shi da magani.

Akwai bambanci guda da ya shafi rai. Kwale-kwalen katako in ya cika da ruwa sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa a samu abin riƙewa, in dai ba inji mai nauyi ya ja shi ba. Faiba da alminiyom sun fi ruwa nauyi, ƙasa suke yi kai tsaye in babu kumfa ko rufaffen akwatin iska a jikinsu. Mutane da yawa in sun kwashe jiƙaƙƙiyar kumfa ba sa mayar da wata. Ka mayar, irin wadda ba ta shan ruwa, ko aƙalla ka ɗaure jarkoki marasa komai masu murfi gam a ƙarƙashin bencina. Rigar kariya kuma kowa da tasa, yara kafin manya. Ba mu manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a ruwan Bagwai da mutanen da suka taso daga Badau, aka rasa rai aƙalla 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya ji ƙansu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, ta hana tafiyar dare a ruwa, ta kuma wajabta rigar, kuma dokar ba ta ware jirgin shaƙatawa ba.

Yanzu amalanke, wanda mutane kan bari sai ƙarshe alhali shi ke kashe jirgi ko ya raya shi. Zaɓi biyu ne: na waje da ya zo tare da jirgin, ko wanda maƙeran walda za su haɗa maka da gatarin tsohuwar mota. Na wajen sau da yawa an tsoma shi a ruwan tutiya, ba ya tsatsa da wuri, kuma an auna shi daidai jirgin. Matsalarsa ƙananan tayoyi masu inci 8 ko 12. Suna juyawa da sauri fiye da na motar da ke jansu, boris ya yi zafi, ramin hanya ya haɗiye su, kuma in ɗaya ta fashe a bayan Rano ba lallai ka samu irinta ba. Na gida yana hawa taya mai inci 13 ko 14 da kowane mai faci ke da ita. Aibinsa sifirin. In aka sa na motar ɗaukar kaya a ƙarƙashin jirgi mai kilo 100, sifirin ba zai lanƙwasa ba sam, jirgin ne zai sha kowane duka, kuma haka ribiti ke saki, faiba ke tsagewa. A rage ganyen sifirin har ya zama in ka hau ka yi tsalle yana amsawa. Ni na fi son na gida in an yi shi da hankali.

Jirgin ya kwanta a kan dogayen katakai biyu da aka naɗe da kafet, su kai har ƙarƙashin allon baya ko su ɗan wuce shi, domin a nan nauyin inji yake. In allon ya rataya a iska, ƙasan jirgin zai lanƙwashe a hankali. Robobi masu juyawa suna sauƙaƙa saukewa, amma suna tara nauyi a ƙananan wurare, suna lotsa siririn alminiyom. Nauyin da ke sauka a kan ƙwallon jan mota ya zama wajen kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na duka kayan. In jirgi da inji da amalanke sun kai kilo 500, to kilo 35 zuwa 50 ke nan, kuma sikelin awon mutum ya isa a gwada. In ya gaza haka amalanke zai fara wutsiya da zarar ka ɗan taka mota. Ka kuma duba ƙwallon kansa. Motocin da suka fito daga Turai milimita 50 suke ɗauka, na Amurka kuma inci 2 ko inci 1 da 7/8. A ido kusan ɗaya suke, amma bakin amalanke mai inci 2 a kan ƙaramin ƙwallon nan na Amurka yana iya tsalle ya fita a rami guda. Sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashi, bel a baya da gaba, fitilu masu aiki.

Boris ne ya fi barin mutane a hanya. Ka yi tafiyar awa ɗaya da rabi, cibiyar taya ta yi zafi, ka tura ta cikin ruwan sanyi nan take, iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa ta bakin roba. Giris ya koma kamar kunu, tsatsa ta kama, wata biyu a gaba taya ta kama da wuta ko ta fice. In ka isa, ka ba shi minti 20 ya huce yayin da kake kwance bel, kana sa toshiyar mafitar ruwa, kana cire wayar fitila. Wannan ma wani dalili ne da ke sa alminiyom ya yi gaba, domin ana iya sauke shi ba tare da cibiyar taya ta taɓa ruwa ba, faiba mai nauyi kuwa dole sai an nutsa amalanken. Tayar amalanke kuma tsufa ke kashe ta tun kafin ta suɗe. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta wuce shekara shida a ranar ƙasar nan, ko zanenta na nan sabo, ka sauya.

Batun inji gajere ne. Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ya ishi alminiyom ko ƙaramin kwale-kwale, mutum ɗaya na iya cire shi ya sa a but, kuma bakanikensa da kayansa suna nan a duk garin masunta. Faiba mai ƙafa 16 zuwa sama za ta nemi mai doki 40, wanda nauyinsa ya kusa ninka na farkon, shan mansa ma haka. Auna tsayin allon baya kafin ka saya: inci 15 na gajeriyar ƙafa ne, inci 20 na doguwa.

To wa zai ɗauki wanne? In gidanka na bakin ruwa, a Yawuri ko Sabuwar Busa ko gaɓar kogi a Yamai, kana da wanda zai riƙa kwalfe ruwan sama yana duba igiya, ɗauki katako, kuɗinka zai zauna a garinku, gyara kuma ba zai taɓa gagarar ka ba. In iyali za ka riƙa ɗauka a babban ruwa, kana da mota mai ƙarfi da gangare mai kyau, faiba ta fi, da sharaɗin allon baya da daɓe sun ci jarrabawar da na faɗa. In sun faɗi, kada arahar ta ja ka, araha ba ta ado, sai fa in aikin kansa kake sha'awa kuma kana da watanni da rumfar yinsa. In kuwa kana zaune a birni nesa da ruwa, fita sau ɗaya ko biyu a wata, kai da aboki ko ɗanka, a kan hanyoyin nan namu, ban ga abin da ya kai alminiyom ba.

Abokina a Kano yake zaune, motarsa ƙarama ce, jirgin kuma a tsakar gida zai kwana kusa da bishiyar darbejiya. Ya ɗauki na alminiyom. Da muka zuba masa ruwa ranar Lahadi, ɗansa ya shiga ƙarƙashi da alli ya zagaye wuri 23, yawancinsu a layi ɗaya daidai inda robar tsohon amalanken ke tokare ƙasan. Goma sha tara sun koma da guduma a yammacin nan. Huɗun da suka rage mun hude su mun rufe da salatif, muna jiran cikakken ribiti daga Legas, mai walda kuma ya riga ya cire robobin yana auna katakan da za su maye gurbinsu.